Saiwa, almakashi da ragar inuwa: bitar kayan noman daliya da masu sayar da su a karkarar Kano

Mai lambu a yankin Kura, Garun Malam da Bunkure bai rasa kayan aiki ba, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka kuma jawo ruwa zuwa filayen Kadawa, kasuwannin yankin suka saba da duk abin da noman tumatir, albasa, alkama da shinkafa yake bukata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan noman fure, musamman daliya, wadda 'yan ƙalilan daga cikinmu muke shukawa a gefen lambu saboda masu kwalliyar wuraren biki da masu sayar da fure a tukwane a cikin birni. Na sayi kayan wannan noma a hannun ƙananan 'yan kasuwa daban-daban, na kuma yi aiki da su har na ga ƙarshen kowanne, kuma hukuncina shi ne kuɗin mai noman daliya ya fara tafiya ga saiwa mai lafiya (wato dankalin daliya da ake binnewa ya tsiro) wadda ta iso a kan kari, sannan almakashi, sannan ragar inuwa. Sauran kayan kuwa, maƙerin ƙauye da kasuwar mako sun wadatar, wani lokaci ma fiye da abin da ake tallatawa a intanet.

Dalilin wannan hukunci yana cikin halin shukar kanta. Asalin daliya tsaunukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, inda rana take da ɗumi dare kuma yake da sanyi. Daga can aka aika irinta zuwa lambun sarauta na Madrid a 1789, inda wani masani ɗan ƙasar Sifen, Antonio José Cavanilles, ya raɗa mata sunan masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Anders Dahl, kuma a 1963 Meziko ta ayyana ta a matsayin furen ƙasa. Shukar da ta fito daga irin wannan yanayi ba ta jure zafin Afrilu na Kano, lokacin da ma'aunin zafi yake kaiwa digiri 40, haka kuma saiwarta ba ta jure jiƙewar ƙasa ta watan Agusta. Lokacinta a wurinmu ɗan taƙaitacce ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, wato lokacin hunturu da dare yake yin sanyi sosai. Daga shuka zuwa fure ana ɗaukar wajen wata uku, saboda haka duk saiwar da ta iso bayan tsakiyar Disamba za ta buɗe furenta ne a bakin bazara, ta ƙone tun ba a ci moriyarta ba. Wannan ne ya sa nake auna kowane mai sayar da saiwa da abu biyu kafin farashi, wato lafiyar kayansa da kuma lokacin da yake aikowa.

Wadda ta fi gamsar da ni wata baiwar Allah ce mai lambun fure a wajen garin Jos, wadda take karɓar oda ta WhatsApp. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyinta ne ya sa dankalin turawa da furannin da ba sa yi a wurinmu suke yi a can ba tare da wahala ba. Saƙonta yakan biyo motar haya ta hanyar Saminaka da dajin Falgore, in tari direba a Kwanar Dangora, don haka kayan ba sa kwana a tasha. Abin da na fara lura da shi shi ne kwali take amfani da shi, ba leda ba, kuma ta huda shi ta gefe domin iska. A ciki ta shimfiɗa garin katako busasshe, kowace saiwa tana kwance dabam ba ta taɓa 'yar'uwarta, an kuma rubuta launin furenta a jikinta da fensir. Da na ɗauki ɗaya na matsa, sai na ji ta da tauri da nauyi, fatarta ba ta yamutse ba, wuyanta bai karye ba, kuma a can sama, inda aka yanko ta daga gindin tsohon kara, ga wani ɗan tsiro ja-ja wanda bai kai ƙwayar dawa ba ya fara leƙowa.

Wannan ɗan tsiro shi ne ido, kuma shi ake saya. Saiwar daliya ta yi kama da dankalin Hausa a siffa, amma jikinta ba ya tsiro. Ido yana fitowa ne kawai a kan guntun gindin kara da yake manne da wuyanta. Saiwa komai girmanta, idan ba ta da wannan guntu, ko kuma wuyanta ya karye, za ta iya yin jijiya a ƙasa ta zauna wata da watanni ba ta fitar da ganye ko ɗaya ba. Mai sayarwar da ya san haka ba ya yaudarar mutum da girman saiwa, kuma wannan baiwar Allah takan aiko da hoton idon kowace saiwa kafin a biya kuɗi. Da na tambaye ta dalilin jinkirin wata oda, amsar da ta ba ni ita ce: “Malam, ka ƙara haƙuri kaɗan, ba na so in aiko maka wadda idonta bai farka ba.” Na yarda da wannan tsari nata, domin saiwar da aka tono ba da daɗewa ba takan yi ɗan hutu kafin ta tsiro, kuma mu da lokacinmu ƙanƙane ne ba mu da halin binne saiwa muna jiran ta farka.

Tana da nata rauni, kuma ya kamata mai saye ya sani. Launi take rubutawa, ja ko ruwan ɗorawa ko fari, ba sunan iri ba, saboda haka wanda yake son ya yi wa mai kwalliyar biki alkawarin wani takamaiman fure ba zai iya dogaro da ita ba sai ya noma ya gani da idonsa. Kayanta ba su da yawa, kuma idan ba a yi magana da ita tun cikin Satumba ba, sai a tarar masu kyau sun ƙare. Ba ta kuma da hanyar gwada cutar bairos a kayanta, kamar yadda babu wani ƙaramin mai lambu da na sani da yake da ita. Abin da take yi shi ne tuge duk shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbaren rawaya ko ya nannaɗe, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema daga mai gaskiya. Duk da haka, cikin abin da ta aiko mini, wanda bai tsiro ba ta maye mini gurbinsa da reshe mai jijiya a cikin baƙar leda ba tare da jayayya ba.

Na biyu wani mai talla ne a intanet wanda yake shigo da saiwa daga Holan a cikin fakiti masu hoton fure mai ɗaukar ido. A wurinsa ake samun sunayen da duniya ta sani, irin su Café au Lait mai launin madara da girman faranti, da Thomas Edison mai launin shunayya, da Kelvin Floodlight mai ruwan ɗorawa, da Arabian Night mai ja mai duhu. Matsalar ita ce manoman Turai suna fitar da saiwarsu ne domin shukar bazararsu, wato tsakanin Fabrairu da Mayu, lokacin da mu muke shiga tsananin zafi. Wanda ya saya a lokacin ba shi da inda zai shuka, wanda kuma ya jira Oktoba zai karɓi ragowar da ta shafe watanni a shago. Irin wannan ragowar ya aiko mini: da na yage fakitin sai na tarar da curin saiwoyi marasa nauyi, sun bushe sun yamutse, da yawa wuyansu yana reto, ɗaya kuma tana da wani kumburi mai gurje-gurje a gindin kara, alamar cutar ƙwayoyin bakteriya wadda ba ta da magani kuma take zama a ƙasa. Na ƙona wannan, ban bari ta kusanci lambu ba. Da na yi masa magana sai ya ce shi ma haka ya karɓa, ba ya kuma mayar da kuɗi. Ban ga laifin saiwar Holan a kan kanta ba, laifin na wanda yake sayar da ita ne ba a kan lokacinta ba tare da ɓoye wa mai saye. Duk wanda zai sayi saiwar waje ya tambayi watan da ta shigo, ya nemi hoton abin da yake cikin fakitin ba na bayansa ba, ya kuma tambayi takardar izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, domin doka ta ɗora wa mai shigowa samun izini da shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi.

Akwai kuma abin da hoton fakiti ba ya faɗa. Manya-manyan furanni masu girman faranti su ne suka fi shan wahala a zafinmu, kuma su ne suka fi saurin yin yaushi bayan an yanka. Masu siffar ƙwallo da ƙananan masu dunƙulallen fure sun fi haƙuri a gona, sun kuma fi daɗewa a cikin ruwa, don haka su ya kamata mai neman kasuwa ya nema.

Ga mai farawa kuwa, shawarata ita ce ya bar saiwa tukuna ya sayi iri na ƙwaya. Ana samun fakitin gajerun daliya masu launi gauraye a wasu shagunan kayan gona, kuɗinsa bai kai na saiwa ɗaya ta waje ba, yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma yana yin fure a shekarar da aka shuka shi har ya ajiye tasa saiwar. Abin da ba ya bayarwa shi ne tabbacin launi, domin daliya tana da ƙwayoyin gado ninki takwas alhali yawancin tsirrai biyu gare su, shi ya sa 'ya'yan uwa ɗaya suke fitowa kowanne da kamarsa. Ga mai sayar da fure a tukunya wannan ba aibi ba ne, domin masu saye suna son zaɓi.

Shagon da nake sayen irin da sauran kayan reno yana bakin titi a Kura, na wani Alhaji ne mai sauƙin kai wanda ya daɗe yana hulɗa da manoman tumatir. Farantan reno masu ramuka da baƙar ledar dashe da yake sayarwa suna da kauri, ba sa tsagewa a rani guda, kuma yana barin mutum ya duba kwanan watan da ke jikin fakitin iri ba tare da ya ɓata rai ba. Inda nake saɓa masa shi ne wurin ajiya da kuma shawarar taki. Fakitin iri suna rataye a ƙarƙashin rufin kwano inda zafi yake dukansu yini guda, kuma irin fure da ba ya saurin fita kasuwa yana iya shekara a wurin, saboda haka nakan roƙe shi ya ɗauko mini daga kwalin da yake ƙasa a cikin ɗaki. Shawararsa ta taki kuwa ta mai tumatir da masara ce, kullum yuriya. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kuma idan ta yi wa daliya yawa sai ta yi ganye shar, kara ya yi laushi, fure ya yi ƙaranci, saiwa kuma ta zama mai ruwa-ruwa wadda ba ta ajiyuwa. Abin da ya fi dacewa shi ne takin gargajiya da ya ruɓe sarai, a tankaɗe shi a fitar da gwazarma, a haɗa da ɗan takin zamani na sufa a ramin shuka, sannan a bi da kamfa 15-15-15 kaɗan bayan shukar ta kafu. Duka biyun yana da su a shagon, sai dai mutum ya san abin da ya zo nema.

A wurinsa na sayi famfon feshi na goyo mai cin lita 16, kuma ba ni da ƙorafi a kansa. Gargaɗin da zan yi a nan ya fi ingancin famfon muhimmanci: kada a taɓa fesa wa daliya komai da famfon da aka yi feshin ciyawa da shi. A yankin shinkafa irin namu kusan kowane famfon aro ya sha maganin ciyawa na 2,4-D, kuma ɗan abin da ya rage a tiyo bayan wanki ya isa ya murɗe ganyen daliya ya lalata tohonta. Famfon fure ya zama nasa dabam, a yi masa alama da fenti, kada kuma a ba da aronsa ko ga wanda ake jin nauyi. Yawancin aikinsa ma ruwa zalla ne, domin ƙurar hunturu da bushewar iska su ne suke kawo jan gizo-gizon nan ƙanƙane da yake zama a bayan ganye yana tsotsewa har ganyen ya koɗe, kuma wanke bayan ganye da sassafe yana rage shi ƙwarai. Ruwan 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu yana taimakawa a kan darɓa. Haka kuma yana da kyau a nisanta daliya da fagen albasa da tumatir, saboda ƙananan ƙwarin da suke tsotsar ganyen albasa suna ɗaukar bairos daga shuka zuwa shuka.

Almakashi shi ne kayan da ban yarda a yi masa rowa ba. Karan daliya rami ne a cikinsa, kuma almakashin da yake danne reshe a kan dandamali murƙushe shi yake yi, ya bar baki a tsage inda ruɓa take shiga. Wanda ake bukata shi ne mai baki biyu masu wuce juna kamar na tela, mai kaifin da zai yanke kara a tashi ɗaya. Masu araha da ake zubawa a faranti a kasuwa sukan yi kaifi a makon farko, daga nan sifirin ya tsinke ko bakin ya buɗe ya riƙa tauna reshe. Felco na ƙasar Suwizalan shi ne ya yi suna a duniya, domin ana kwance shi a sauya baki ko sifirin idan sun gaji, amma kuɗinsa yana da nauyi ga ƙaramin mai lambu, ga shi kuma jabunsa masu jan mariƙi sun yi yawa. Na tsaya a tsakiya: na nemi wanda aka ɗaure bakinsa da noti maimakon ƙusar da aka dandaƙe, domin ana iya ƙara masa tauri a kuma kwance shi a wasa. Gwajinsa a shago mai sauƙi ne, a yanka takarda da shi tun daga gindin baki har tsini. Idan ya lanƙwasa takardar a wani wuri, a ajiye shi.

Gara a mallaki matsakaita biyu da a mallaki mai tsada ɗaya, saboda tsafta. Bairos yana bin ruwan jikin shuka, kuma almakashin da ya yanki marar lafiya ya wuce kan mai lafiya ya kai mata cutar ke nan. Ana haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara a cikin gwangwani, ɗaya yana jiƙe ana aiki da ɗayan, ana musanyawa daga shuka zuwa shuka. Bilic yana cin ƙarfe, don haka idan an tashi aiki a ɗauraye, a goge, a ɗiga mai. Wannan doka ta shafi wuƙar raba saiwa ita ma, wadda ƙaramar wuƙa ce siririya mai tsini, irin wadda kowane maƙeri yake yi.

Batun maƙeri ya kawo ni ga kayan da na fi alfahari da shi. Fartanya da shebur ba sa tonon daliya, domin saiwoyin suna bazuwa ne kewaye da kara kuma bakin fartanya yana datse su ko ya karya wuyansu. Abin da ake bukata shi ne matoni mai yatsu, wanda za a kafa kimanin santimita 30 daga gindi a kewaye shukar ana ɗagawa a hankali. Na shago da na gani yatsunsa sirara ne, suna lanƙwashewa a ƙasar laka ta Kadawa idan ta bushe. Na kai wa wani dattijon maƙeri a kasuwar ƙauyenmu hoton abin a waya, ya duba ya juya wayar, sannan ya jawo wani guntun sifirin mota daga ƙarƙashin buhun gawayi ya auna shi da tafin hannunsa. Na ce: “Baba, yatsun kada su yi tsini da yawa, saiwa ce mai taushi.” Bai amsa ba, sai da yaronsa ya hura zuga-zugi ƙarfen ya yi ja, ya tsaga shi gida huɗu a kan uwar maƙera, ya daddale kowane yatsa ya yi faɗi, ya kuma dakushe bakinsu da guduma, sannan ya miƙo mini ya ce in taɓa in ji ko zai huda dankali. Matonin ya fi na shago nauyi, kuma ƙotar farko da ya sa masa ta yi gajarta har sai da aka sauya, amma yatsunsa ba su taɓa lanƙwashewa ba, kuɗinsa kuma bai kai rabin na shago ba.

Turaku ba sa bukatar dogon bayani. Doguwar daliya tana wuce mita ɗaya kuma iskar hunturu tana karya ta, don haka a kafa turke mai tsayin mita ɗaya da rabi kafin a binne saiwa, ba bayan ta tsiro ba, domin kada a soke ta. Karan dawa gara tana cinye shi kafin fure ya buɗe, gora ta fi shi, guntayen rodi daga kasuwar Ƙofar Ruwa kuma sun fi duka daɗewa. Wajen ɗauri, ƙyallayen da tela yake zubarwa sun fi igiyar leda, wadda take yanka kara idan iska ta kaɗa. Alamar suna kuwa, tawadar maka tana gogewa a rana. Fensir a kan guntun farar jarka ya fi ta zama.

Ragar inuwa ita ce ta uku a muhimmanci, kuma a nan ne masu shago suka fi sa mutum a hanyar da ba ita ba, ba don mugunta ba sai don abin da suka saba sayarwa ke nan. Koriyar raga mai kauri da ake yi wa motoci rumfa tana tare mafi yawan hasken rana, daliya kuwa tana son rana ta aƙalla awa shida, idan ta rasa sai ta yi tsawo siririya ba fure. Wadda ta dace ita ce mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kuma ana rubuta wannan adadi a jikin bandir ɗin, don haka a nemi a gani kafin a yanka. A Disamba da Janairu ma ba a cika bukatarta ba. Amfaninta yana bayyana ne daga tsakiyar Fabrairu, inda takan ƙara wa mai lambu wasu makonni na yankan fure. A ɗaga ta sama sosai domin iska ta ratsa, a kuma kafa zana ta gefen arewa maso gabas inda iskar hunturu take fitowa.

Wajen ban-ruwa, al'adarmu ta cika fage da ruwa ya kwanta ba ta dace da wannan shuka ba. A yi kunya mai tudu, a binne saiwa a kwance a zurfin santimita 10 zuwa 15, tazarar santimita 45 zuwa 60, a cikin ƙasa mai ɗan danshi, kada kuma a yi mata ruwa mai yawa sai tsiro ya fito, domin saiwar da ba ta yi jijiya ba ruɓewa take yi. Tiyon ɗigo da aka jona da duro a kan dakali yana aiki da kyau, amma ruwan kanal yana da laka, kuma wanda ya sayar mini da tiyon bai ambaci matata ba sai da ramukan suka fara toshewa na koma masa. Duk wanda zai saya ya sa matata a cikin ciniki tun farko. Ga fage ƙarami, butar ban-ruwa mai rariya ta isa. Tattakar shinkafa, wadda ba a rasa ta a yankin Kura, ita ce abin rufe kunya domin ƙasa ta yi sanyi.

Akwai wani kayan aiki da ban ji mai shago ko ɗaya ya ambata ba, wato fitila. Daliya tana auna tsawon yini: idan ya gaza awa 12 takan gaggauta yin saiwa da fure tun tana gajeriya, furen kuma ya fito da buɗaɗɗiyar tsakiya. A Disamba yinin Kano bai wuce awa 11 da rabi ba. Masu noman fure a wasu ƙasashe suna ƙara haske da yamma har yini ya kai kamar awa 14 a makonnin farko, domin shukar ta yi jiki kafin ta yi fure. Hasken da ake bukata ba mai ƙarfi ba ne, kuma ƙananan fitilun sola da ake sayarwa a kowace kasuwar mako suna yin aikin idan an rataya su a saman kunya daga magariba zuwa bayan isha'i. Na ga bambanci a tsawon kara tsakanin kunyar da take da fitila da wadda ba ta da ita, tsawon kara kuwa shi mai kwalliya yake biya.

Yankan fure ba ya son komai sai bokiti mai tsabta da sammako. Tohon daliya ba ya buɗewa bayan an yanke shi, don haka sai furen ya kusa gama buɗewa ake yanka, a tsoma shi cikin ruwa nan take, kuma kwana huɗu zuwa biyar ne ƙarkonsa. Daga Kura zuwa cikin birni bai kai tafiyar awa ɗaya ba, wannan kusanci kuma shi ne fifikonmu a kan furen da ake kawowa daga nesa.

Inda har yanzu babu mai sayar da abin da ya gamsar da ni shi ne ajiyar saiwa. A ƙasashen sanyi ana ajiye ta a ɗaki mai sanyin digiri 4 zuwa 10, mu kuwa muna tono ta a Maris, dole ta tsallake zafin bazara da danshin damina kafin Oktoba. Na gwada randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Maginiyar tukwane ta yi mini su daidai yadda na nema, kuma idan an binne saiwa a busasshen garin katako a randar ciki tana rage yamutsewa a watannin zafi. Amma sanyinta bai kusanci digiri 10 ba, kuma da zarar damina ta sauka iska ta yi danshi aikinta yana raguwa, sai a fitar da saiwar a koma duba ta kowane mako ana cire wadda ta fara laushi. Hanya ta biyu ita ce wadda manoman filayen Indiya masu zafi suke bi, inda suke noman daliya a lokacin sanyinsu daga yankakken reshe: a raya 'yan uwaye kaɗan a tukwane a inuwa inda ruwan sama ba ya dukansu, a yanki sabon toho a kafa shi a yashi idan lokaci ya yi. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda, kusa da mu, kuma ita ce ta fi cancanta ta gwada waɗannan hanyoyi biyu ta gaya wa manoma wadda ta fi. Ni dai a bana na yi magana da mai lambun nan ta Jos a kan in mayar mata da zaɓaɓɓun saiwoyina a Maris ta riƙe mini su a can, in biya ta ladan ajiya, ta dawo mini da su a Oktoba idan idonsu ya farka, kuma ta ce za ta gwada da kwali ɗaya tukuna.